Sharhin fim: Stepmom, matar uba da yaran da ba su zaɓe ta ba

Fim ɗin Stepmom ya fito a Amurka ranar 25 ga Disamba, 1998, kuma har yau idan ana lissafa finafinan da suka taɓo zaman matar uba da 'ya'yan miji, da wuya a tsallake shi. Chris Columbus ne ya ba da umarni, mutumin da ya yi Home Alone da Mrs. Doubtfire, daga baya kuma ya yi kashi biyu na farko na Harry Potter. Tsawon fim ɗin awa biyu ne da kusan minti biyar. An kashe kimanin dala miliyan 50 wajen shirya shi, ya kuma kawo kusan miliyan 160 daga gidajen kallo na duniya. Rabinsa na farko darasi ne da ya kamata duk macen da za ta shiga gidan da ta tarar da yara ta zauna ta kalla, shi ma mijin ya zauna kusa da ita. Rabi na biyu kuwa yana sa kuka sosai, amma ya zille wa tambayar da shi da kansa ya ɗauko.

Ga yadda gidan yake. Luke Harrison lauya ne a birnin New York, Ed Harris ne ya fito a matsayinsa. Shekara uku ke nan da rabuwarsa da uwar 'ya'yansa, Jackie, wadda Susan Sarandon ta taka. Jackie ta taɓa aiki a kamfanin buga littattafai, ta ajiye don ta reni yara, kuma irin uwar nan ce da ta san ranar da kowane yaro ke da wasa a makaranta, da abincin da ba ya ci, da ƙawar da suka ɓata. Yaran biyu ne, Anna mai shekara 12 da Ben mai shekara 7. Sai Isabel, wato Julia Roberts, mai ɗaukar hotunan tallar kayan sawa. Luke ya ba ta shekaru masu yawa, ba ta taɓa haihuwa ba, ba ta kuma taɓa riƙon yaro ba. Yaran suna zaune wurin uwarsu a wajen gari, suna zuwa kwana gidan uban a ranakun da aka tsara.

Fim ɗin ya buɗe da safiyar makaranta. Isabel ta makara, ta diro daga gado a gigice, tana ƙwala wa yara kira. Anna na zaune ta haɗe rai, domin ranar kowa a makarantarsu zai sa riga mai launin shunayya, ita kuma tata ba a wanke ba, ga shi ta ce ta sha faɗa wa Isabel. Ben ya mayar da abin wasan ɓuya, ana bin sa da kaya a hannu ya ƙi tsayawa a sa masa. Ana cikin wannan hayaniya sai ga Jackie ta shigo, fes da ita, ba ta ɗaga murya ba, ta dubi falon, ta dubi Isabel, ta kwashe 'ya'yanta. Luke ba ya nan. Wannan rashi nasa shi ne abin da ya kamata mai kallo ya riƙe, domin zai yi ta maimaituwa har ƙarshe.

Abin da ya lalace a safiyar nan ba makara ba ce. An ɗora wa Isabel aikin uwa gaba ɗaya, tashin yara da shirya su da ciyar da su da tsawata musu, alhali ba wanda ya tsaya gabansu ya ce ta isa, kuma ba ta riga ta sami shaƙuwar da za ta sa su ji maganarta don kansu ba. Kamar wanda aka bar wa jiran shago ne ba a ba shi makulli ba. Masu aikin sasanta irin waɗannan iyalai a Amurka sun daɗe da tsayawa kan magana ɗaya: a shekara ɗaya zuwa biyu na farko, horo da hukunci su zauna a hannun wanda ya haifa. Shi zai tara yaran ya faɗi dokokin gida da bakinsa, lokacin barci, lokacin kallo, wa ke wanke me, ya kuma ce idan ba ya nan matarsa ce za ta lura an bi. Ita kuma idan aka karya doka, ta tuna wa yaro cewa dokar babansa ce, ta ajiye hukuncin har ya dawo. Da zarar ta fara yanke hukunci da kanta kafin yaron ya saba da ita, amsar da za ta samu guda ce, ita ce wadda Anna ta jefa wa Isabel: ke ba uwata ba ce. Isabel kuma, da yake ranta ya ɓaci, sai ta mayar da cewa ta gode wa Allah da hakan. Wannan musayar ta daƙiƙa biyar ta fi duk wani dogon jawabi da ke cikin fim ɗin gaskiya.

Kuskure na biyu shi ne sayen zuciya da kyauta. Isabel ta kawo wa yaran ɗan kwikwiyo. Ben ya yi ta murna. Anna kuwa, da aka ce ta raɗa masa suna, sai ta ce a sa masa Isabel, ta kuma kawo dalilan da suka fi zagi ciwo. Kyauta babba da ta zo da wuri tana zame wa yaro bashi, ya san ana jiran ya biya da sakin fuska, shi kuma bai shirya ba. Ƙaramin yaro ba ya wannan lissafi, babba yana yi.

A nan marubutan fim ɗin, su biyar ne aka rubuta sunayensu, sun yi dabara wajen zaɓen shekarun yaran. E. Mavis Hetherington, masaniyar halayyar ɗan'adam ta Jami'ar Virginia, ta bi iyalai kusan 1,400 na tsawon kimanin shekara talatin tana nazarin saki da sake aure. Daga cikin abin da ta gano akwai cewa yaran da ke bakin balaga su suka fi wahalar karɓar sabon aure na iyayensu, kuma 'yan mata sun fi maza turjiya. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Yarinya 'yar shekara 12 ta san gidansu kafin ya rabu, tana da abin kwatantawa. Tana kan neman 'yancin kanta daga iyayen da suka haife ta ma, balle a ƙaro mata mai ba da umarni ta uku. Sannan sau da yawa bayan rabuwa takan zama abokiyar shawarar uwarta, ta ji abin da bai kamata ta ji ba. Jena Malone ta taka Anna yadda ya kamata, ba ta nemi mai kallo ya so ta ba. Akwai wurin da aka kira iyayen makaranta saboda Anna ta gaya wa malamai cewa babanta da mamarta za su mayar da aurensu su koma Suwizalan. Wannan ba ƙaryar banza ba ce. Yara da yawa suna riƙe da fatan kome shekaru bayan saki, kuma zuwan sabuwar mata shi ne ke tabbatar musu cewa bakin alƙalami ya bushe. Fushin da ake sauke wa matar uba, rabinsa makokin wancan fatan ne.

Ben, wanda Liam Aiken ya taka, yaro ne mai son wasan rufa-ido, kuma shi ya faɗi maganar da ta fi kowacce nauyi a fim ɗin. Suna kan doki da uwarsa, ya ɗan yabi Isabel, ya ga yanayin fuskar uwar ya sauya, sai ya ce mata idan tana so ya tsani Isabel, to zai tsane ta. Duk abin da fim ɗin ya sani game da yara yana cikin wannan jumla. Yaro ba ya auna matar uba da halinta kaɗai. Yana duban fuskar uwarsa ne tukuna. Idan ya ga son waccan zai ƙona ran wannan, sai ya ɗauki son a matsayin cin amana, ya danne shi. Abin da ke rikita matan uba masu kirki shi ne, ranar da suka fi kyautatawa, ranar yaron ya fi yi musu rashin kunya, domin ya ji zuciyarsa ta fara karkata, ya tsorata. Duk ƙoƙarin da za ta yi ba zai kwance wannan ƙulli ba. Uwa ce kaɗai ke iya kwance shi, da magana a fili: ba zan ji haushi ba idan ka ji daɗin zama da ita.

Jackie kuwa ta ƙi faɗin haka har kusan awa ɗaya da rabi, kuma a nan Sarandon ta nuna gwaninta, domin zagon ƙasan da take yi na masu hankali ne. Ba ta zagi, ba ta hana yara zuwa. Ɗan murmushi ne idan Anna ta kwaikwayi Isabel, ɗan shiru ne idan Ben ya yabe ta. Mafi muni shi ne zancen wasan mawaƙan Pearl Jam. Isabel ta nemi izini ta kai Anna, Jackie ta ce atafau yarinya 'yar shekara 12 ba ta zuwa irin wannan wuri a daren da gobe akwai makaranta. Da ranar ta zo sai ga Jackie da tikiti, ita za ta kai 'yarta, har tana yi wa Isabel godiya kan shawarar. Duk wanda ya taɓa zama kusa da irin wannan gida zai gane salon. Ba a karya wata doka ba, babu abin da za a kai ƙara a kai, amma an kashe wa mutum gwiwa, an kuma koya wa yarinya cewa duk abin daɗi daga hannun uwa yake fitowa.

Fim ɗin bai wanke Isabel ba, kuma hakan ya ƙara masa daraja. Ta tafi da yaran wurin aikinta a Central Park, babban lambun shaƙatawa na New York, hankalinta ya tafi kan kamara, Ben ya ɓace, sai a hannun 'yan sanda aka same shi. Jackie ta yi barazanar zuwa kotu don a hana a sake barin yaran da ita. Fushinta a nan yana kan hanya. Sai dai tambayar da ba wanda ya yi ita ce, wa ya yanke cewa mace mai aikin da ke cinye hankali za ta riƙe yara biyu a tsakiyar aikin? Yawancin rigingimun manya a fim ɗin daga tsarin karɓa da miƙa yara suke tasowa: an sauya ranar darasi ba a faɗa ba, an manta wa zai ɗauko wa. Maganin wannan ba ya buƙatar kowa ya so kowa. Jadawali ɗaya rubutacce da gidajen biyu ke gani, duk sauyi ya bi ta tsakanin uwa da uba kai tsaye, kada a ba yaro saƙo, kada kuma a bar matan biyu su yi ta karo a bakin ƙofa alhali wanda ya haɗa su yana ofis.

Wannan ya kawo mu kan Luke, wanda shi ne babban raunin fim ɗin. Ed Harris ɗan wasa ne mai nauyi, amma an ba shi aikin mai kallo. Ya bayyana, ya yi magana mai taushi, ya ɓace. Sau ɗaya ya yi abin da ya dace daga farko har ƙarshe, lokacin da ya yanke shawarar auren Isabel: ya fara gaya wa Jackie su biyu, sannan suka zauna tare suka gaya wa yaran, don kada su ji a bakin wani, kada kuma a bar su da nauyin kai wa uwarsu labari. Ban da wannan, da wuya ka gan shi ya keɓe da Anna su kaɗai, da wuya ka ji ya ce mata ba dole ta so Isabel ba amma dole ta gaishe ta ta kuma daina zaginta. Wannan bambanci tsakanin so da ladabi shi ne aikin uba, kuma shi ne abin da ke sauke wa yaro nauyi, domin ladabi abu ne da zai iya bayarwa ba tare da ya ji ya ci amanar kowa ba. Haka nan keɓewa da yaro, ko da awa ɗaya ce a mako ba tare da sabuwar matar ba, ita ke nuna masa bai rasa ubansa ba. Fim ɗin ya ɗauki rigimar a matsayin kishin mata biyu, ya ƙyale mutumin da ke tsakiya ba tare da ya tuhume shi ba. Ana iya cewa hakan ma gaskiya ce, haka maza da yawa suke yi. Amma fim ɗin bai nuna ya san laifi ba ne.

Wurin da Isabel ta fara samun shiga ƙarami ne ƙwarai, har mai kallo zai iya wuce shi. Anna na fama da zanen fenti, itatuwan sun ƙi fitowa yadda take so. Isabel ta leƙo, ba ta yi wa'azi ba, ba ta tambayi yadda makaranta take ba, ta nuna mata wata dabarar sarrafa fenti, ta ja da baya. Minti biyu ne ko uku. Abubuwa uku suka sa ya yi aiki. Yarinyar ce ke da buƙata, ba babbar ba. Idanunsu na kan takarda, ba kan juna ba, don haka babu wanda aka tsare da kallo. Sannan fanni ne da ba na Jackie ba, Isabel ba ta taka sawun uwa ba. Duk matar uban da ke neman hanya, nan za ta duba: abin da ta iya wanda uwar ba ta yi, a ɗan gajeren lokaci, ba tare da jiran godiya ba. Daga baya, da Ben ya faɗo a wurin wasa aka kai shi asibiti, ita ya roƙa ta yi masa waƙa, uwarsa kuma ta iso ta tarar da su a haka. Fuskar Sarandon a wurin ta haɗa sauƙin ganin ɗanta lafiya da zafin ganin wata a gurbinta.

Akwai kuma wurin da fim ɗin ya yaba wa Isabel alhali bai kamata ba. Wani yaro a makaranta ya wulaƙanta Anna. Uwarta ta ce ta share shi, shawarar ba ta yi aiki ba. Isabel ta koya mata baƙar magana mai ɗauke da batsa, ta kuma ɗauko wani saurayi daga masu tallar kaya ya zo ƙofar makaranta a matsayin saurayinta. An shirya wurin don a yi tafi. A zahiri kuwa, wannan shi ne tarkon zama ƙawa: matar uba ta sayi amincewar yarinya ta hanyar tsallake iyayenta a kan abu mai girma. Jackie ta yi faɗa, kuma ita ce da gaskiya.

To sai cutar daji. Likitoci sun gano Jackie na ɗauke da nau'in da ake kira limfoma, ta fara karɓar magani a ɓoye, tana fakewa da cewa ta koma harkar littattafai. Isabel ce ta fara zargin wani abu, a zatonta Jackie na shirin kwashe yaran ta bar gari, da ta tunkare ta sai gaskiya ta fito. Yadda aka nuna lokacin gaya wa yaran daidai ne. Ben ya yi tambayoyin yara, Anna kuwa ta fashe da fushi, ba don cutar ba, don an ɓoye mata. Yaron da aka taɓa ce wa komai lafiya sannan ya wayi gari gida ya rabu, ba ya yafe ɓoyo na biyu da sauƙi. Columbus ya sadaukar da fim ɗin ga mahaifiyarsa wadda cutar daji ta yi ajalinta, kuma ana jin hakan a yadda ya riƙe waɗannan wurare, musamman daren da Jackie ta tashi Anna suka hau doki cikin dusar ƙanƙara.

Amma a duba abin da cutar ta yi wa labarin. Tambayar da aka buɗe da ita ita ce, yaya mata biyu masu rai da lafiya za su raba renon yara har su girma? Amsar da aka bayar ita ce ɗaya za ta mutu. Jackie ta ba yaranta izinin son Isabel ne saboda ta san ba za ta kasance ba, dole ta nemi wadda za ta miƙa wa. Wurin da suka zauna su biyu a gidan abinci shi ne ƙololuwar fim ɗin: Isabel ta ce tsoronta shi ne ranar auren Anna, tana gyara mata lulluɓi, yarinyar na tunanin ina ma uwarta ce, Jackie ta ce nata tsoron shi ne kada ranar yarinyar ta ƙi tuna ta. Suka daidaita a kan cewa ɗaya ta riƙe abin da ya wuce, ɗaya ta riƙe abin da ke tafe. An rubuta shi da kyau, an taka shi da kyau, Sarandon ta samu shiga jerin 'yan takarar kyautar Golden Globe saboda wannan rawa. Sai dai rabon ba ya yi wa kowa amfani sai wanda ke bakin kabari. Uwar da ke da sauran shekara arba'in a duniya ba za ta sallama gaba ba, bai ma kamata a nemi ta sallama ba. Ita ke buƙatar a nuna mata yadda ake ba da izinin nan alhali ana nan, ana gani, ana jin kishi, kuma fim ɗin bai nuna ba.

Lokaci ma an matse shi. Kusan duk abin da muke gani yana faruwa ne daga lokacin zubar ganye zuwa Kirsimeti, wata uku ko huɗu. Patricia Papernow, wadda ta shafe shekaru tana aiki da irin waɗannan iyalai, ta ƙiyasta cewa masu sauri kan ɗauki kimanin shekara 4 kafin gida ya zauna daram, matsakaita kimanin 7, wasu har 12. Hatsarin fim irin wannan shi ne mace ta kalla, ta ga wata shida sun wuce 'yar mijinta ba ta sauko ba, ta yanke cewa ita ce ta gaza ko yarinyar ce muguwa.

Ta fuskar sana'a, hoton yana da kyau har ya so ya yi yawa, gidan Jackie da dawakai da jajayen ganye sai ka ce katin gaisuwa. Kiɗan John Williams yana riga mai kallo yin kuka a wurare da dama. Kuɗi kuwa ba su taɓa zama matsala ba, ko da Isabel ta rasa aikinta saboda yawan barin wurin aiki don ɗauko yara, ba wanda ya yi zancen cefane. A gidajen gaske, kuɗin makaranta da na asibiti da wa aka saya wa me suna cikin manyan abubuwan da ke hura wutar.

Masu son finafinan Indiya suna da nasu. A 2010 kamfanin Karan Johar ya sayi izini ya sake shi da sunan We Are Family, Siddharth Malhotra ya ba da umarni, Kajol ce uwar, Kareena Kapoor ce mai shigowa, Arjun Rampal ne uban. Su Kajol da Kareena ɗin da suka fito ya da ƙanwa a Kabhi Khushi Kabhie Gham su ne a nan suke kallon-kallo. An kai labarin Ostireliya, an mayar da yaran uku, an kuma sa uwar da kanta ta shigo da ɗayar cikin gidan don ta koya mata riƙon yaran, aka rufe da bikin babbar 'yar bayan shekaru. Ya fi na asalin waƙa da hawaye, ya kuma fi shi gaggawar kai wa ga cutar, don haka ƙananan wuraren nan na gwaji da kuskure, waɗanda su ne amfanin labarin, sun ragu. Wanda ke neman kuka ya ɗauki na Indiya. Wanda ke neman ya fahimci abin da ke faruwa a kan yaro ya ɗauki na 1998.

Mai kallo Bahaushe zai ga inda labarin ya yi daidai da abin da ya sani da inda ya saɓa. Duban fuskar uwa, da gwada matar uba, da uban da ya tsame hannunsa, duk ba baƙi ba ne. Amma Isabel tana ganin yaran ne na 'yan kwanaki su koma, alhali a wurinmu sau da yawa yaran na gidan uba dare da rana, uwar ta yi wani auren a wata unguwa ko wani gari, duk da cewa a mazhabar Malikiyya uwa ce ke da haƙƙin reno, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, kuma idan uwar ta auri bare haƙƙin kan koma wajen kakar yaran ta ɓangaren uwa. Ke nan nauyin da ke kan matar uba a nan ya fi na Isabel, ikon cutarwa da ke hannunta ma ya fi, kuma babu wata Jackie da za ta shigo da safe ta gani. Fim ɗin bai taɓo ranar da matar uba za ta haifi nata ba, wadda ita ce ranar da ake gane adalcin gida. Bai kuma taɓo agola ba, yaron da ya bi uwarsa gidan wani mijin, wanda nasa zaman daban ne.

Kafin a kunna shi a falo, ga abin da ya kamata a sani. A Amurka an sa shi a rukunin PG-13, wato ana son iyaye su lura idan yaro bai kai 13 ba. Isabel da Luke suna zaune gida ɗaya tun kafin aure, akwai sumbata, akwai zancen Anna ta faɗa musu banɗaki, akwai giya, akwai wurin da Jackie ke shan wiwi don rage wahalar magani, ga kuma baƙar maganar nan ta ƙofar makaranta. Ya fi dacewa manya su fara kallo su kaɗai, sannan su zaɓi wuraren da za su nuna wa yara. Fim ne na magana, Turancin kuma yana gudu, musamman a wuraren faɗa, don haka a kunna rubutun ƙasan allo. Miji da mata da za su kalla tare su tsayar da shi bayan zancen Pearl Jam, kusan nan ne amfaninsa ya fi yawa, kowa ya faɗi abin da Luke ya kamata ya yi. Yaron da uwarsa ta rasu bai daɗe ba, ko wadda take kwance, kada a nuna masa minti talatin na ƙarshe, inda Jackie ke kiran yaran ɗaya bayan ɗaya ranar Kirsimeti, ta ba Ben alkyabbar masu rufa-ido, ta ba Anna bargo, duka an ɗinke su da hotunansu, tana yi musu sallama.